Kiɗan dare a Shrine na Legas

Ɗan Fagge: Jama'a, zamanin mawaƙi Fela Kuti ƙarfe nawa ake fara kiɗa a kulob ɗinsa na Shrine?

Baba Agege: Ɗana, sai dare ya raba yake hawa dandali, a tashi da asuba. Ganga da jita ke fara shimfiɗa, masu busa su shigo, a yi minti goma ba a ji murya ba. Waƙa ɗaya kan kai rabin awa.

Injiniya: Wuta ce matsalar kulob a lokacin. NEPA ta ɗauke, a koma janareta. In ba a haɗa kayan sauti da wayar da ke sauke wuta ƙasa ba, lasifika sai gurnani. Makirufo kuwa in ya fuskanci lasifika, ƙara ce mai tsaga kunne.

Baba Agege: Af, Shrine na Ikeja na yanzu sabo ne, su Femi ɗan Fela suka buɗe a 2000.