Neman shawara: ziyarar Gashaka-Gumti a watan Agusta, da yara

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne, har da yara biyu, muna son zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a hutun Agusta. An ce ruwan da ke gangarowa daga duwatsun garau yake. Ana iya wanka a ciki? Ana sha? Me za mu riƙa?

Ɗan Taraba: Wa alaikumus salam. Alhaji, Agusta tsakiyar damina ce a can. Ruwan ya zama ja, koguna sun cika, hanyar da ta tashi daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka kuwa laka ce da mashigai. Garau ɗin da aka ba ka labari na rani ne, daga Disamba zuwa Maris. Ku biyo ta Jalingo zuwa Bali, sannan Serti, inda hedikwatar gandun take. Nan ake biyan kuɗin shiga a haɗa ku da ma'aikacin daji, ba a shiga ba tare da shi ba. Ku tambaye su halin tsaro kafin ku baro gida. Mota mai tsayi, mai jan ƙafa huɗu. Ku cika tanki, ku riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne.

Malamar Asibiti: Yallaɓai, hasken ruwa ba shaidar tsabta ba ne. Birai da shanu na sha daga sama, ƙwayar cutar gudawa kuma ido ba ya ganinta. A tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Lita 3 zuwa 4 ga kowane babba a yini.

Wanka kuma a wurin da ruwa ke gudu a kan tsakuwa, kada ya wuce gwiwar yaro. Gefen da ruwa ya kwanta da ciyayi, can katantanwar tsargiya ke zama. Sai dai ruwa mai gudun ma da nasa: a nan ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke yaɗa makantar kogi suke hayayyafa. Da rana suke cizo, galibi a ƙafa. Ziyarar kwana uku ba ta cika jawo cutar ba, amma ƙaiƙayin ya ishi yaro kuka. Dogon wando, safa, da man korar ƙwari mai ɗauke da sinadarin DEET. A bar shuɗi da baƙin kaya a gida, su ke jawo ƙudan tsando.

Masunci: Kada ku yarda da gurbi mai zurfi a kogin Kam komai kyansa. Akwai dorina, akwai kada. Inda ma'aikacin ya nuna, nan kawai.

Ɗan Taraba: Ƙari ɗaya. A farkon damina ko ƙarshenta, ruwan sama na iya sauka a kan dutse alhali ku rana kuke gani. Da zarar rafi ya fara gurɓata, ganye da kirare na tahowa, a fita a hau tudu, ba a tsaya neman takalmi. Don haka ma ba a kafa tanti a kan rairayin bakin ruwa. Dutse mai gansakuka ya fi sabulu santsi, silifas ba zai yi ba, sai takalmin roba mai maɗauri.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun ɗaga zuwa hutun Disamba. Akwai sanyi lokacin?

Malamar Asibiti: Da asuba sosai. Bargo da rigar sanyi ga kowane yaro, da gidan sauro.