Kwanon ɗan takara da rufin cocinmu: a karɓa ko a mayar?

Ma'ajin kwamiti: Salama a gare ku. Fada, limamin cocinmu, ya ce a ji ra'ayin jama'a kafin Lahadi. Wani ɗan takarar majalisar jiha ya aiko cewa zai ba mu kwanon da zai rufe coci gaba ɗaya, zai kuma kawo shi da kansa ranar godiyar kaka, muddin za a bar shi ya gaisa da jama'a bayan Misa. Ni a ganina karɓar wannan kyauta ba sayar da ƙuri'a ba ne, domin ranar zaɓe kowa shi kaɗai yake shiga ya dangwala abin da ransa yake so. Kun dai ga yadda muka yi daminar bana, ana wa'azi mata suna jan benci suna tara robobi a ƙarƙashin yoyo.

Katikis: Ɗana, yoyon gaskiya ne, a kaina ma yake zuba duk Lahadin da Fada yake wani ƙauye nake jagorantar sujada. Amma ka sake karanta saƙon da kyau, za ka ga cewa mutumin nan bai ce a ba shi albarka ba, lasifika ya nema, kuma ya zaɓi ranar da coci ya fi cika a shekara. Ranar nan ce gwauruwar da ba ta da ko akuya take ɗauko damin dawa guda a ka, ta ajiye shi gaban bagadi ba tare da an kira sunanta ba. In muka tsayar da mai kwano ana tafa masa ita kuwa tana zaune a baya, mun yi abin da wasiƙar Yakubu a Littafi Mai Tsarki, sura ta 2, ta hana game da fifita mai zoben zinariya a kan matalauci. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Shugabar zumuntar mata: Baba Katikis, Allah ya ƙara maka lafiya, amma ka bar ni in faɗi ɓangaren mata. Mu ne muke surfe da sussuka, mu ne muke kiwon kajin da ake gwanjonsu ranar godiya, kuma shekara da shekaru ana ce mana kuɗin gwanjo na rufi ne, har yau ba mu ga ko ƙusa ba. Saboda haka ba zan zargi wanda ya ce a karɓi na ɗan siyasa ba, tunda namu da muka tara ba mu san inda ya kwana ba. Ba na cewa wani ya ci, ina cewa ba a taɓa karanta mana lissafi dalla-dalla ba.

Ma'ajin kwamiti: Mama, littafin yana nan a wurina. Mafi yawan kuɗin ya tafi ne a kason da muke aikawa babban coci, da man babur, da taimakon marasa lafiya.

Malamin firamare: To ai abin da Mama take nema ke nan, Yaya, a faɗa a bainar jama'a. Dokokin Cocin Katolika na 1983 sun wajabta, a doka ta 537, cewa kowace ikilisiya ta kasance da kwamitin kula da kuɗi, doka ta 1287 kuma ta ce masu riƙe da dukiyar coci su ba masu bi bayani a kan abin da suka bayar. Game da siyasa kuwa, doka ta 287 ta hana limamai shiga harkar jam'iyya kai tsaye, kuma saboda neman takara ne Bishop na Gboko ya dakatar da Fada Hyacinth Alia daga hidima a 2022, kafin ya ci gwamnan Binuwai a 2023. A Kenya ma, a watan Nuwamba na 2024, Babban Bishop na Nairobi, Philip Anyolo, ya ƙi kuɗin da Shugaba Ruto ya bayar a wani coci, ya ce a mayar masa.

Wani matashi daga Kano: Malam, da girmamawa, Nairobi ba ƙauyenmu ba ne. Cocin da yake da attajirai a benci yana iya mayar da kyautar shugaban ƙasa ya kwana lafiya. Mu nan ƙasar Sumaila 'yan tsiraru ne, kuma an daɗe ana wuce mu idan ana rabon taki ko rijiyar burtsatse. Idan yau wani ya tuna cewa muna da ƙuri'a har ya tako, korarsa za ta zama kamar mun ce ba ma cikin lissafin ƙaramar hukuma.

Katikis: Wannan magana tana da nauyi, jikana, kuma ban ce a kore shi ba. Abin da nake tsoro shi ne maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya, muke zuwa jana'izar juna, su wayi gari su ji an ce cocin nan na jam'iyya kaza ne. Idan ya faɗi zaɓe, wanda ya ci zai riƙe mu da wannan har ƙarshen wa'adinsa, kuma a cikinmu ma akwai masu bin wata jam'iyyar da za su ji an mayar da su baƙi a ɗakin addu'arsu. In yana son ganin jama'a, ga inuwar tsamiya a ƙofar mai unguwa, ya zo ran Litinin mu tambaye shi batun hanya da asibiti, abokin hamayyarsa ma ya zo wata ranar.

Shugabar zumuntar mata: Na yarda da zaman tsamiya. Kwanon fa?

Malamin firamare: A rubuta masa cewa in don Allah ya bayar, ya aiko a mota ba tare da hotonsa ko sanarwa ba, a shigar a littafi kamar kowane baiko, a kuma sanar da ofishin Bishop kafin a sauke. In ya janye, mun san abin da ya zo saye.

Ma'ajin kwamiti: Har yanzu ina ganin za mu rasa kwanon, kuma ban san wanda zai tsaya ya yi wa mata bayani idan damina ta dawo ba. Duk da haka zan kai wa Fada abin da kowa ya faɗa, littafin kuma zan zo da shi Lahadi.

Shugabar zumuntar mata: Ka zo da na shekarun baya ma, ba na bana kaɗai ba.