Big Bertha ta yi nauyi bayan fenti: wane inji ya dace da harbin farko?

Sabon_Maharbi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama haɗa ƙaramar rokar wasa mai suna Big Bertha ta kamfanin Estes, mai tsawon santimita 61 da fika-fikai huɗu na katakon balsa. Bayan fenti, sikeli ya nuna giram 88, ba a sa inji ba tukuna. A shago akwai A8-3, B6-2, B6-4, C6-3, C6-5 da C6-7. Inda zan harba filin ƙwallo ne, faɗinsa wajen mita 65, da bishiyoyi a gefe guda. Wanne zan saya? Lambar ƙarshen nan me take nufi? Sannan igiyar robar da ke riƙe hular kan roka kamar ta yi gajarta, ko haka ake barinta?

Malam_Fizis:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka auna ta, domin nauyin da aka rubuta a kwali na rokar da ba ta sha fenti da gam da yawa ba ne. Taka ta ɗara wancan, kuma da nauyinta na gaskiya za ka zaɓi inji.

Harafin farko yana nuna jimillar ƙarfin turi da ke cikin injin. A tana kaiwa niyuton-daƙiƙa 2.5, B tana kaiwa 5, C 10, D 20, wato kowane harafi ninkin wanda ya gabace shi ne. Lambar da ke manne da harafin matsakaicin turi ce a niyuton. Ta bayan ɗan layin kuwa daƙiƙu ne: idan albarushin turi ya ƙare, wani sashe yana ci a hankali yana fitar da hayaƙi, roka na ci gaba da hawa da gudun da ta ɗauko, sai bayan waɗannan daƙiƙu ƙaramin caji ya tashi ya tunkuɗo hula da laimar da ke sauko da roka a hankali. Abin da ake nema shi ne laima ta fito daidai lokacin da roka ta kai ƙololuwa, gudunta ya kusa tsayawa.

Yanzu ga lissafinka. Injin A8-3 yana da nauyin wajen giram 16, ka ga jimilla ta haura 100, alhali Estes sun ƙayyade masa giram 85. Cire shi gaba ɗaya. Za ta bar sandar harbawa a sanyaye, fika-fikai ba su samu iskar da za su riƙe ta ba, ta kwanta. C6-7 na rokoki marasa nauyi ne masu siririn jiki. A kan Bertha za ta riga ta juyo ƙasa da gudu kafin laima ta fito, in ma ta fito a sama. C6-5 yana da wajen giram 24, jimilla 112, iyakarsa kuma 113. Kana bakin gaɓa ke nan, don haka idan C za ka sa, C6-3 ya fi aminci. Ƙa'idar ita ce roka mai nauyi da faɗin jiki tana saurin rasa gudu, sai a ba ta gajeren jinkiri.

Hajiya_Balsa:

Lissafin Malam daidai ne, amma ban yarda a sa C a wannan filin ba. Ƙa'idar tsaro ta ƙungiyar masu harba roka ta Amurka, NAR, ta ce gefen fili mafi gajarta ya kai mita 30 ga injin A, mita 60 ga B, mita 120 ga C. Naka 65 ne, B kawai ya ɗauka. Da C za ta kai wajen mita 150 sama, laimarta kuma mai faɗin santimita 46 ce, ko iska kaɗan ce sai ta kai ta kan bishiya. Sayi B6-2. A giram 107 jinkirin daƙiƙa 4 ya yi yawa, laima za ta buɗe tana kan gangarowa.

Batun igiya, ƙanena, ka yi gaskiya, ta yi gajarta. Idan caji ya tashi hula takan tafi da ƙarfi, roba ta miƙe ta dawo da ita ta daki bakin bututun jikin roka, ya lotsa ko fiffike ya ɓalle. Yi ta ninki biyu zuwa uku na tsawon roka, wato wajen mita ɗaya da rabi. Wasu suna ɗaura zaren Kevlar a mazaunin inji su haɗa shi da roba, tunda ba ya ƙonewa da wuri. Yana da kyau, sai dai kada zaren ya wuce bakin bututu. Idan laima ta buɗe cikin gudu, siririn zaren nan yana yanka kwalin daga sama zuwa ƙasa kamar an zuge zif. Ƙullin haɗin ya tsaya a ciki, roba mai faɗi ce za ta goga baki.

Kada ka manta da takardar kare wuta. Bututun Bertha faɗinsa santimita 4 da 'yan kai, yana cin guda da dama. A dunƙule su sako-sako a tura, ba a danne ba, don su toshe hanyar zafi amma su iya fita. Kada ka maye gurbinsu da takardar bayan gida ko auduga: suna kama wuta, su faɗo kan ciyawa suna ci. Laimar leda kuma a barbaɗa mata hoda a naɗe ta ana dab da harbi, don idan ta kwana a naɗe takan manne ta ƙi buɗewa.

Sabon_Maharbi:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. B6-2 zan saya. Saura abu ɗaya: tunda fentin ya fi yawa wajen fika-fikai, ta yaya zan tabbatar ba za ta yi katantanwa a sama ba?

Injiniya_B:

Sa inji, takarda da laima, kamar yanzu za ka harba. Ɗora ta a kan yatsa ka nemo inda ta daidaita, wannan ce cibiyar nauyi, ka yi alama. Akwai kuma cibiyar matsin iska, wato inda turin iska a jikin roka ke taruwa, wadda manhajar OpenRocket za ta lissafa maka kyauta idan ka shigar da ma'aunin sassan.  Dole cibiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hula, da tazarar faɗin bututu ɗaya zuwa biyu. A taka santimita 4 zuwa 8 ke nan. Idan babu kwamfuta, ɗaura igiya a kan alamar, ka manne da salatif, ka wulwula ta a kewayenka. Idan hula ce ke gaba, lafiya. Idan ta ƙi, cusa ɗan yumɓu can ƙarshen hula, giram 3 zuwa 5, ka sake gwadawa, ka kuma sake aunawa tunda nauyi ya ƙaru. Bertha fika-fikanta manya ne, da wuya ta ba ka matsala a nan.

Abin da ya fi lalata harbin farko shi ne ɗan bututun da sanda ke bi ta ciki. Fenti yakan shiga ya matse shi. Zura ta a sandar milimita 3, ta sauka da kanta ba tare da an tura ba. Idan tana kamawa, naɗe samfefa mai laushi ka goge cikin, ka goge sandar ma.

Wajen kunnawa, kan makunni, wato 'yar wayar da ke kunna inji, ya taɓa albarushi sosai kafin ka danna toshiyar roba, kuma 'yan maƙalan waya biyu kada su taɓa juna ko farantin ƙarfen da ke ƙasa. Yawancin ƙin tashi daga nan yake, ko daga raunin batir. Ka tsaya nesa da aƙalla mita 5, ka ƙirga daga biyar da ƙarfi kowa ya ji. Idan ta ƙi tashi, zare makullin na'urar harbawa ka jira daƙiƙa 60 kafin kowa ya matsa. Sanda kada ta karkata fiye da digiri 30 daga tsaye, kuma iskar da ta wuce kilomita 32 a awa ba a harbi a cikinta. A ƙaramin filinka ma ka jira safiyar da ganye ba ya motsi sosai. Share busasshiyar ciyawa daga gindin sanda.

Injinan kuma a ajiye su a ɗaki mai sanyi, busasshe. Wanda ya faɗi a kan siminti, ko ya yini a mota cikin zafi ya kwana cikin sanyi, albarushinsa yakan tsage ko ya rabu da jikin kwali, wuta ta ci ko'ina lokaci guda ya fashe a kan sanda. Tsagar ba ta ganuwa daga waje, don haka irin wannan a jiƙa shi a ruwa har ya warware sannan a zubar. Ga masu tunanin tahowa da su gida Najeriya ko Nijar a cikin akwati: kayan fashewa ne a dokar sufurin jiragen sama, ba a shiga da su jirgin fasinja, a jakar hannu ko a kaya. Jikin rokar da na'urar harbawa ne kaɗai za a iya ɗaukowa.