Me za mu kira kwanekta da Hausa? Gobe zan kai takarda wurin bugawa

Malamin lantarki: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar ina da darasi da yaran da nake koya wa gyara a nan Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, kuma gobe Alhamis kafin azahar zan kai takardar a buga. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: kwanekta. Ƙanena aikin nutso yake yi a Fatakwal, ya zo gida da na'urar da suke auna oksijin ɗin da ke cikin tukunyar da suke goyawa. Lambar da take nunawa sai rawa take yi, wani lokaci ta faɗo sifili. Da na buɗe sai na tarar waya ɗaya ta tsinke daidai inda ta shiga 'yar robar nan ta kamfanin Molex mai ƙafa uku da ake cusa wa sensa, wato abin da ke gano oksijin ɗin. Na zaro ƙarfen ciki da allura, na ɓare bakin wayar, na matse mata sabon ƙarfe, na mayar. Na saita na'urar a iskar tsakar gida, ta tsaya cak a 20.9, wato kashin oksijin da ke cikin iskar da muke shaƙa. To, wannan roba da ƙarafanta, mene ne sunanta?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Mahaɗi. Mabuɗi, magogi, masassabi, mahaɗi. Ba sai an je da nisa ba.

Mai fassara: Malama, mahaɗi kaya sun yi masa yawa. Miya mahaɗin tuwo ce, magani yana da mahaɗi, ku kuma a aji kun ɗora wa "da" wannan suna. Me zai hana mahaɗa?

Malamar Hausa: Mahaɗa wuri ne, kamar marina da majema da mahauta. Shi Malam abu yake nema wanda za a saya a sa a aljihu. A ce mahaɗin waya, shi ke nan.

Mai fassara: Sai yaro ya ɗauka cajar wayar salula ake nufi.

Mai gyaran rediyo: Mallam, mi ya yi zafi? Ka aiki yaro kasuwa shi ce a ba shi mahaɗi, wallahi wurin masu kayan miya za a nuna mai. Kwanekta muke cewa, mai shago ma kwanekta ya sani. Ni tambayata daban ce: don mi ba ka liƙe wayar da dalma a jikin sensa ka huta ba?

Malamin lantarki: Ba a yi, Alhaji. Sensa ɗin kamar batir yake, akwai dalma a cikinsa da oksijin ke ci a hankali, shekara ɗaya ko biyu ya mutu a sa sabo. Dole ya zama ana cirewa. Kuma wutar da yake bayarwa 'yar mitsitsiya ce, wajen milibolt 10 a iskar da muke shaƙa, ga shi ba ya son zafi. In ka juya wayoyin ma lambar da alamar ragi za ta fito.

Dattijo daga Daura: Madalla, ɗana, ka faɗi maganar da bakinka. Abin da ya raba wannan da ɗauri ko liƙi shi ne ana sawa ana cirewa, kuma mahaɗi bai faɗi haka ba. Ni na daɗe da raɗa masa suna: cusa-ka-zare. Ƙirar faɗi-ka-mutu ce, Hausa tsantsa, jin sunan ya gaya maka aikinsa.

Mai fassara: Baba, jam'insa fa?

Dattijo daga Daura: Mene ne jam'in faɗi-ka-mutu? Wa ya taɓa rasa tangaran don babu jam'i?

Malamar Hausa: Allah ya gafarta Baba, ma'anar ta fita, ban musa ba. Amma a gwada a jimla: "cusa-ka-zaren ya tsinke, a sayo cusa-ka-zare biyu." Kuma abin nan ɓari biyu ne, masu sana'a namiji da mace suke ce musu. Malam zai tsaya gaban samari 'yan shekara 16 ya haɗa wannan suna da wancan? Darasi ya tashi.

Dattijo daga Daura: Wanda zuciyarsa ta karkace ko "buɗe ƙofa" aka ce masa zai yi dariya. Abin da ke damuna, kowace kalma Bature ya yar sai mu tsince ta mu goge ƙura mu ce tamu ce. Kwanekta, sensa, soket, filogi. Nan da shekara kaɗan me zai rage? Daura tushen Hausa ce, ba za mu zuba ido ba.

Mai gyaran rediyo: Tushe dai Baba, amma boko nan Katsina ya zauna. Tun 1922 aka buɗe kwaleji garin nan, ba mu ga Hausarmu ta ɓace ba.

Mai fassara: Ku yi ta yi. Daidaitacciyar Hausa dai kan Kananci aka gina ta, ƙamusun Hausa na 2006 ma daga Jami'ar Bayero ya fito.

Dattijo daga Daura: Kano kasuwa ce, komai aka kawo saye take yi. Don ta fi yawan baki ba ta fi iya magana ba.

Mai gyaran rediyo: A nan kam ina bayanka Baba.

Malamar Hausa: Baba, da girmanka, ita "waya" da kake so a haɗa ɗin daga ina ta zo? Turanci ce. "Na'ura" kuma Larabci. In za mu mayar wa kowa kayansa, takardar Malam ba za ta kai layi uku ba.

Dattijo daga Daura: Waya ta kwana biyu, ta sha ruwan garin nan. Ku duba sinadari. A da abin da maƙeran farfaru ke liƙe ƙarfe da shi ke nan, yau an faɗaɗa shi ya ɗauki duk kayan kimiyya. Haka masu hankali suke yi, su nemo tasu su ƙara mata kaya.

Malamar Hausa: To ai abin da na yi wa mahaɗi ke nan, Baba.

Malamin lantarki: Jama'a, dare yana yi. Abin da nake so yaran nan su riƙe ba na wasa ba ne. Iskar da ake cika wa masu nutso sau da yawa oksijin ɗinta kashi 32 ne ko 36, ba 21 ba. Mai kashi 32 iyakar zurfinsa wajen mita 33, mai 36 bai kai mita 30 ba. In mai nutso ya zarce, oksijin ɗin na iya sa shi jijjiga kamar mai farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Ƙarfe ɗaya ya yi sako-sako ko ya yi kore, na'ura ta ba da lambar ƙarya, ran mutum ne. Ga abin da na rubuta: "mahaɗin waya, wato kwanekta, irin wanda ake sawa a cire." Daga nan har ƙarshe mahaɗi kawai.

Mai gyaran rediyo: Ranar Litinin dai kwanekta za su ce in sun zo shago.

Dattijo daga Daura: Kalma goma ka kashe wurin da uku suka isa. Ban yarda ba, amma takardarka ce. Aƙalla ka ambaci nawa da baki a aji, ka ga wanda zai zauna.

Malamin lantarki: Zan ambata, Baba, bayan an tashi.

Mai fassara: Sensa fa? Haka za ka bar shi?

Dattijo daga Daura: Masansani. Daga sansana.

Malamar Hausa: Wannan kuma sai a ɗauka sansanin yaƙi ne.

Malamin lantarki: Sensa zai kwana sensa. Na rufe kwamfuta, sai da safe.