Rind, peel da zest: duka ɓawo za mu ce?

'Yan'uwa masu fassara girke-girke, ku zo mu tsayar da magana kan kalmomin Turanci uku: rind, peel da zest. Yawancinmu ɓawo muke kiransu duka, kuma mai girki ce ke kwana a ciki.

Peel ba shi da wuya, ɓawon da ake cirewa ne, na ayaba ko dankali ko mangwaro. A nan ma Hausa ta fi fayyacewa: ayaba ɓare ta ake yi da hannu, doya kuwa sai an sa wuƙa an feraye ta, alhali Bature peel zai ce a duka biyun.

Rind shi ne mai kauri da tauri, irin na kankana da kabewa. Wasu sun kawo kwasfa, amma ban goyi baya ba. Kwasfa busasshiya ce mai fashewa, ta gyaɗa ko ta ƙwai, wadda Turawa suke kira shell. Ɓawo mai kauri ya wadatar.

Zest ne ya fi damuna. Ɓawon lemo hawa biyu ne. Na sama, kore ko ruwan ɗorawa, shi ke ɗauke da man nan mai ƙamshi da ke sa ido yaji idan ya fantsama. A ƙarƙashinsa akwai fari mai laushi, wanda suke kira pith, kuma ɗaci gare shi. Zest na saman ne kaɗai. Ku lura da mai sayar da lemo a bakin titi: siririn da yake ferayewa yana zubarwa shi ne zest, farin da ya bar maka a jikin lemon shi ne pith. To idan girkin kek ya nemi ƙaramin cokali 1 na zest, mai fassara ya rubuta ɓawon lemo kawai, uwargida za ta haɗa har farin ta niƙa, kek ya fito da ɗaci bayan ta zuba ƙwai da bota da fulawarta.

An ba da shawarar totuwa a madadin pith. Ta dace da cikin karan dawa, amma wanda ya ji totuwar lemo zai ɗauka tuƙar da aka tsotse aka yar ake nufi.

Don haka na tsaya a kan saman ɓawo a madadin zest, farin ɓawo a madadin pith. A girki sai a rubuta: a goga saman ɓawon lemon tsami 1 a magogi, kada a kai ga farin.