Sunan wa ya kamata ya hau maƙalar bincike? Muhawara daga zauren ma'aikatan lafiya na karkarar Jigawa

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni dai ra'ayina ɗaya ne: duk wanda ya tattara bayanan bincike a ƙauye, haƙƙinsa ne sunansa ya fito cikin marubutan maƙalar. Binciken da aka yi a ƙananan asibitocinmu kan jijjigar masu ciki ya fito a mujalla. Mu muka auna hawan jinin matan ranar awo, mu muka gwada fitsari, mu muka bi waɗanda suka daina zuwa har gida a kan babur cikin damina. Sunayen da ke sama babu na ko ɗaya daga cikinmu, kuma akwai wanda bai taɓa taka ƙauyukan ba. A can ƙarshe aka rubuta ana godiya ga ma'aikatan lafiya na yankin, shi ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abban Hanif: Wa alaikumus salam Anti. Wahalar da kuka sha ba wanda zai musa. Amma kalmar "duk" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Mujallun likitanci da yawa suna bin ƙa'idar kwamitin editoci na duniya da ake kira ICMJE, wanda ya samo asali daga wani zama da editoci suka yi a Vancouver ta ƙasar Kanada a 1978. Sharuɗɗa huɗu suka sa, kuma sai mutum ya cika su duka. Ya zama ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara binciken, ko tattara bayanai, ko nazarinsu da fassara su. Ya rubuta maƙalar ko ya yi mata gyara mai ma'ana. Ya amince da rubutun ƙarshe da za a buga. Sannan ya yarda zai amsa tambaya kan aikin in an taso da zargi. Wannan na huɗun a 2013 aka ƙara shi. Ku kun cika na farko, sauran ukun ne babu.

Malam Lab: Ni ma na yi irin aikin, kuma gaskiya an biya mu alawus. Wanda aka biya ya cike fom ai lada ya karɓa. Me ya rage kuma?

Maman Walida: Malam, su waɗanda sunansu ya fito kyauta suka yi? Sun karɓi nasu alawus ɗin, ya kuma ninka namu, ga suna a sama. Kuɗin mai da na abinci ba ya sayen haƙƙin mutum.

Yaya Lakcara: Bari in faɗi abin da ke faruwa a jami'a, tunda nan nake. Wanda Anti ke cewa bai taka ƙauye ba, galibi shugaban sashe ne. Shi ya nemo kuɗin, da sunansa masu ba da tallafi suka yarda, ɗakin gwajinsa aka yi amfani da shi. In yaro ya buga maƙala ya bar sunan ubangidansa, a wurinmu rashin kunya ne. Kuma ƙarin girma da yawan maƙalu ake samunsa, kowa yana riƙe da hannun wani. Yau na sa ka, gobe ka sa ni. Ba na cewa daidai ne ɗari bisa ɗari, amma girmama na gaba tarbiyyarmu ce.

Abban Hanif: Yaya, ranka ya daɗe, ita ƙa'idar ta faɗi wannan ƙarara: nemo kuɗi kaɗai, ko shugabantar sashe kaɗai, ba sa mai da mutum marubuci. Wurinsa sashen godiya. In har ya zauna an tsara binciken da shi, ya karanta, ya gyara, to marubuci ne na gaske. In kuwa sa hannu kawai ya yi, ma'aunin da na auna Anti da shi ya fitar da shi tun kafin ita.

Baba Incaj: 'Ya'yana, kuna ta magana kamar suna kyauta ce da ake rabawa. Ni a wurina shaida ce. Wanda ya sa sunansa yana cewa duniya ne: na gani, gaskiya ne, ku yi wa marasa lafiyarku magani da shi. In bai gani ba, me ya raba shi da mai shaidar zur? Mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996 ba ma ɗaukar takardar bincike da wasa. A shekarar kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano kan yara 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin, yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Daga baya ta fito fili cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan watan baya. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Kuma da aka zo ƙin allurar shan inna a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Mu muka riƙa tsayawa a ƙofar gidaje muna roƙo. In sa hannu ya zama abin wasa a sama, ma'aikacin ƙauye ne ke biyan bashin.

Abban Hanif: Allah ya ƙara lafiya Baba, nan nake son zuwa. A 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da matsalar ƙwaƙwalwar yara. Yara 12 kacal aka duba, marubuta 13. A 2004 goma daga cikinsu suka janye daga fassarar da aka yi wa sakamakon, mujallar kuma ta soke maƙalar a 2010, bayan iyaye da yawa a Ingila sun guji rigakafin. A 2020 ma an sake: maƙala kan maganin hydroxychloroquine da korona, wadda ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin na ɗan lokaci. Da aka nemi a binciki asalin bayanan, kamfanin Surgisphere da ke riƙe da su ya ƙi bayarwa, sauran marubutan suka ce ba za su iya tsaya wa bayanan ba, aka janye maƙalar cikin makonni biyu. Shi ya sa nake tambaya Anti: in an sa sunanki, gobe aka gano mai lissafi ya murɗa alƙaluma a kwamfuta, kin shirya amsawa?

Maman Walida: Abin da na rubuta da hannuna a rajista zan amsa shi ko a gaban alƙali. Lissafin kuwa ba a nuna mini ba, ƙanina. Ta yaya zan gyara abin da ba a ba ni na karanta ba?

Autar Zaure: Yaya Likita Abban Hanif, ka yi haƙuri in sa baki. An koya mana wannan ƙa'idar a makaranta, kuma akwai wani sashe da ba ka kawo ba. Ta ce ba a kafa sharuɗɗan don a kore abokan aiki ta hanyar hana su damar cika na biyu da na uku ba. Duk wanda ya cika na farko, ya kamata a ba shi damar dubawa, da gyarawa, da amincewa da rubutun ƙarshe. Ke nan su Anti ba kasa cikawa suka yi ba, ƙofar ce ba a buɗe musu ba.

Abban Hanif: Haka yake a rubuce, Auta. Kuma shi ya sa laifin yana kan masu binciken. Amma dai ina nan kan bakana: dama ake bayarwa, ba suna kai tsaye ba. Wani za a tura masa rubutun ya ce ba shi da lokaci. Wannan ba marubuci ba ne.

Malam Lab: To in asibitoci talatin ne, kowanne da ma'aikata uku, duk za a jera? Kuma da wane Turancin za su gyara?

Autar Zaure: Mujallu suna karɓar sunan ƙungiya a matsayin marubuci, a jera mambobinta ɗaya bayan ɗaya, har ma su fito a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, a matsayin abokan aikin. Ko a sashen godiya ma ana iya ambaton mutum da sunansa da abin da ya yi, bayan an nemi izininsa. Batun Turanci kuma, ba inda aka ce da shi za a yi gyaran. A tara su a yi musu bayanin sakamakon da Hausa, a ji abin da za su ce.

Maman Walida: Da an yi haka da an ji. Ɗana ya karanta mini maƙalar yana fassarawa. An rubuta cewa matan da suka ɓace daga rajista a watannin ƙarshe sun daina zuwa asibiti ne saboda rashin wayewa da hanin mazaje. Duk wadda ta yi aikin awo a nan ta san ba haka ba ne ga da yawansu. Masu cikin fari ne, an kai su goyon ciki gidan iyayensu a wani gari, wasu ma a can suka ci gaba da awo suka haihu a asibiti. Kuma Likita ka fi ni sani, mai cikin fari tana cikin waɗanda jijjiga ta fi kamawa. Wato waɗanda suka fi shiga haɗari su ne suka fita daga lissafin, aka kuma ɗora musu laifin da ba nasu ba. Wannan ya fi rashin sunana ƙona mini rai. Gobe wani zai ɗauki maƙalar ya tsara shirin wayar da kan mazaje, alhali abin da ake buƙata shi ne katin awo da zai bi yarinya zuwa garin iyayenta.

Yaya Lakcara: Wannan magana babba ce Anti. Amma ku fahimci halin da yaron da ya rubuta yake ciki. Ubangidan da yaron zai cire sunansa daga maƙalar, shi ne zai sa hannu a takardar ƙarin girman yaron. Ƙa'idar Vancouver ba za ta zo ta kare shi a ofis ba. Sai dai in jami'o'i sun fara tambayar kowa abin da ya yi a maƙalar kafin su ƙirga masa ita. Har yanzu ban ga laifin yaron da ya sa sunan malaminsa don ya tsira da aikinsa ba.

Baba Incaj: Laifin babban da ya karɓa ya fi. Shi ne ke da ikon cewa a cire.

Abban Hanif: Anti, abin da kika faɗa kan goyon ciki fassarar bayanai ce, kuma ana iya rubuta shi a matsayin wasiƙa ga editan mujallar. Mujallu suna buga irin waɗannan wasiƙun, su ba marubutan dama su amsa, in kuskuren ya tabbata a buga gyara. Wasu suna da wa'adi, don haka kada mu ja lokaci. Ki nemi izinin incaj ɗinku ki duba rajistar awo, ki ƙirga masu cikin fari cikin waɗanda suka ɓace. Adadi kawai, ban da sunan kowace mace ko unguwarsu. Ki faɗa mini da Hausa in sa shi a Turanci, in karanta miki kafin a tura. Sunanki ne zai zo farko, don hujjar taki ce.

Maman Walida: Zan yi magana da takwarorina na sauran asibitocin su ma su duba nasu. Rajista ɗaya ba za ta ishe mu hujja ba.