Yaya mutum zai rage gaggawa alhali ayyukansa ba su ragu ba?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ana yawan ba ni shawarar in sassauta, in riƙa tattara hankalina a kan abin da ke gabana, amma aikina bai ragu ba, ɗawainiyar iyali ma tana nan. Abin da ya fi damuna shi ne, ko a lokacin da babu abin da ke jirana, jikina yana nan a ɗaure: kafaɗuna a sage, haƙorana a cije, hannuna kuwa yana kai wa waya ba tare da na yi niyya ba. Shin wannan natsuwar da ake ta faɗa tana da tushe a ilimin likitanci, ko kuwa zance ne na waɗanda lokaci ya wadata?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Tana da tushe. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, jiki yakan saki sinadaran adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, tsokoki su ɗaure. Wannan shiri yana da amfani ga haɗarin da zai zo ya wuce, amma jiki ba ya bambancewa sosai tsakanin haɗari na zahiri da fargabar aikin da ba a gama ba, shi ya sa mutum zai wuni cikin shirin gudu alhali yana zaune a kujera.

Mutum ba ya iya umartar zuciyarsa ta rage bugu, amma numfashinsa yana hannunsa. Baligi a lokacin hutu yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ka gwada saukar da shi zuwa kusan sau 6 na 'yan mintoci, ka bar fitar iska ta fi shigarta tsawo, domin a lokacin fitar da numfashi ne bugun zuciya yake ɗan lafawa. Ka ɗora tafin hannu a ciki, ka ga shi ne yake tasowa, kafaɗu kuwa suna nan inda suke. Hankalinka zai gudu, wannan tabbas ne. Dawo da shi ba tare da jin haushin kanka ba shi ne horon gaba ɗaya. A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da irin wannan horo ga marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, cikin shiri na makonni 8, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna yana rage damuwa daidai gwargwado ga mutane da yawa.

Tsohon Ma'aikaci:
Malama ta yi bayani mai kyau, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Idan kaya ya fi ƙarfin mai ɗauka, gyaran tafiya ba zai rage masa nauyi ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi a wurin aiki, wato matsananciyar gajiya da gundura da aiki, a matsayin abin da matsin aiki mai ɗorewa yake haifarwa idan ba a shawo kansa ba. Saboda haka, ɗan'uwa, ka duba jerin abubuwan da ka amsa za ka yi, ka ga wanne ne ka karɓa don kunya kawai. Ina ganin rashin adalci ne a ce wa wanda yake barci awa 5 ya zauna ya saurari numfashinsa, alhali baligi yana buƙatar aƙalla awa 7.

Malamar Makaranta:
Ni abin da ya taimake ni shi ne yin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Abin da muke ɗauka haɗa ayyuka biyu ne, galibi tsalle ne hankali yake yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci yana ƙara kuskure. Na kashe sanarwar manhajojin wayata, kuma idan ɗana yana ba ni labari sai in kife ta, in dubi fuskarsa har ya kai ƙarshe. Ayyukana ba su ragu ba, amma na daina jin kamar ana korata.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar karɓar aiki don kunya ta taɓa ni. To, yaushe ne mutum zai san abin ya wuce na gyara da kansa?

Ma'aikaciyar Jinya:
Idan rashin barci, ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai suka kai makonni 2 suna hana ka harkokinka, ka ga likita. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa ba a jira da su, kuma kada ka yanke da kanka cewa damuwa ce ta jawo su, ka je a duba ka nan take.